Abin da Aka Buga a Shafi na Huɗu

Shekarun baya, ina shekarata ta biyu a uni, wato jami'a, a Manchester, na jawo wa kaina da 'yan'uwana wata rigima, kuma da ladabi tsantsa na jawo ta.

Lokacin ina karatun harhaɗa magunguna, ina zaune a wani ƙaramin flat na haya a gidan bene, a unguwar Hulme. Duk wanda ya san ni a wannan zamanin zai shaida ni ba mai magana ba ne. Malami zai yi tambaya a aji, na san amsar har da shafin littafin da take ciki, amma sai in zuba wa birona ido har wani ya amsa ba daidai ba. Abu ɗaya ake nemana a kansa, shi ne duba rubutu. Ka ba ni takarda, zan gaya maka inda waƙafi ya ɓata da inda ka rubuta kalma ɗaya sau biyu.

A shekarar ne yaƙi ya sake ɓarkewa a Gaza. Ba sai na ba ku labarin hotunan da muka riƙa gani a waya ba, kun gan su. Ɗan gwaggona, wanda aka haifa a Birmingham kuma can ya tashi, shi da abokansa suka shirya taro a wani zauren haya a Small Heath, wata unguwa a can Birmingham. Za a yi addu'a, a tattara barguna da kayan sanyi, daga nan a yi tattaki zuwa tsakiyar gari. Taubashina ne, saboda haka tun ranar da na sauka a ƙasar nan bai taɓa kirana da sunana ba.

"Farfesa, aiki ya same ka," in ji shi a waya, da Hausarsa mai ɗingishi. "Takarda muke so ta rabawa. Turanci da Hausa, saboda tsofaffi. Kai ka iya zama a kujera, mu mun iya ihu."

Na karɓa da murna. Falle ɗaya ne za a ninke gida biyu, ya ba da shafi huɗu. Mako biyu na yi a kanta. Na rubuta halin da asibitoci ke ciki, da irin kayan da ake buƙata, da yadda mutum zai rubuta wa ɗan majalisar unguwarsa. Duk abin da ban iya gano asalinsa ba, na cire shi. Ɗan gwaggona ya turo min saƙonni ashirin daga rukunonin waya, uku kawai suka tsallake. Saboda wannan tankaɗe, rubutun ya cika shafi uku, na huɗu ya zauna fari fat, sai ɗan layi a ƙasa mai ɗauke da sunana da adireshina na uni, wai duk wanda ya ga kuskure ya sanar da ni. Ina jin kaina ƙwarai da wannan layin.

Akwai wata 'yar ajinmu da aka haɗa mu aiki a ɗakin gwaji. Ita ke magana, ni ke aunawa, kuma tsarin ya yi mana daidai. Bayahudiya ce, 'yar arewacin Manchester. Wata rana ta leƙo kwamfutata, ta karanta shafi ukun tsaf, ta gyara min jimla biyu, sannan ta ce za ta zo taron. Na kalle ta da mamaki.

"Me? Ka ɗauka ba ni da ido ne?" ta ce. "Kawuna da ke Isra'ila ya daina amsa saƙona saboda irin wannan tattakin. Shi kuma ƙanena, tun da aka fara yaƙin nan, cire hularsa ta Yahudawa yake yi kafin ya shiga bas, don wani ya tofa masa yawu. Da duka damuwoyin biyu nake kwana. Zan zo. Ka ajiye min kwafi ɗaya, tunda na gyara maka Turanci."

Saura bugawa. A benen da nake, a ƙasa, akwai wani dattijo Bature, ya haura sittin, tsohon ma'aikacin ɗab'i. Ya yi ritaya amma yana da ƙaramin inji a garejin wani abokinsa. Tutar Falasɗinu ce a tagarsa, kuma kullum muka haɗu sai ya yi min sallama da irin lafazinsu. Ya taɓa taimaka min da wata wasiƙar council, wato ƙaramar hukuma, da ta ɗaure min kai. Da ya ji labarin takardar, ya ce shi zai buga, kyauta. Har ya ce zai kai ni Birmingham a motarsa ranar Lahadi, kusan mako guda kafin taron, don ya ga masu shiryawa.

Ya gan su, sun gan shi, suka so shi nan take. Ɗan gwaggona ya ja ni gefe ya ce, "Farfesa, a ina ka tono wannan tsoho? Wallahi ya fi wasu Musulmin zafi."

A hanyar komawa Manchester ne abin ya faru. Tafiyar ta kusa awa biyu, kuma shi kaɗai ya yi magana. Ya fara da Gaza, da yaran da ke ƙarƙashin ɓaraguzai, kuma duk abin da ya faɗa a nan na yarda da shi. Amma kafin mu ci rabin hanya, babu Gaza a zancen. Ya koma kan bankuna, wai Yahudawa ne ke riƙe da su. Jaridu, su ne. Rufe kamfanin ɗab'in da ya yi wa aiki shekara talatin, su ne. Har ya ce abin da aka yi musu a Yaƙin Duniya na Biyu an zuzuta shi ne don a ji tausayinsu. Yana faɗa yana murmushi, yana miƙo min alewa daga aljihun mota.

Ni kuwa me nake yi? Kaina a sunkuye, ina gyaɗawa, ina cewa "yes sir". Wato "haka ne" ɗinmu na gida.

A gidanmu a Kano, idan babba na magana ba a katse shi, ba a kallon ƙwayar idonsa, ba a musa masa a gabansa. Za ka ce "haka ne" ko da cikinka na cewa ba haka ba ne. Kowa ya san ba hannu ka sa a takarda ba, kana nuna masa ne cewa kana saurare kuma ka san girmansa. Idan da gyara, daga baya sai a aika wani sa'ansa ya gaya masa. Da wannan na tashi, kuma ya haɗu da kunyata ta halitta, suka zama abu ɗaya. Matsalar ita ce babu wanda ya taɓa yi wa dattijon nan wannan bayanin. Shi abin da ya gani, ga matashi Musulmi mai ilimi ya amince da duk kalmar da ya furta tun daga Birmingham.

Muna shiga Hulme ya ce, "Shafinka na baya babu komai, asarar takarda ce. Ina da wani abu da zai dace da abin da muka tattauna. In saka?" Hankalina na kan in sauka kafin la'asar ta wuce ni. Na ce "yes sir", na yi godiya, na rufe ƙofar mota.

Duk makon nan abin da ya faɗa yana damuna, amma na ce wa kaina tsufa ne da kaɗaici. Tambayar ƙarshen kuwa na manta da ita sam.

Ranar Juma'a da hantsi dattijon ya kawo kwalaye huɗu gidan gwaggona a Small Heath. Ni na riga shi zuwa da jirgin ƙasa na safe. Gwaggo ta zaunar da shi, ta zuba masa shinkafa da miyar da ta rage wa yaji saboda shi, duk da haka sai da ya yi gumi. Ya cinye, ya yaba, ya ce zai kwana wajen ƙanwarsa a bayan gari, sai gobe a zaure.

Yana fita na buɗe kwali ɗaya, don ni ba na barin rubutu ya wuce ban sake dubawa ba. Shafin farko lafiya, bugu mai kyau ƙwarai. Na biyu da na uku, babu ko ɗigo da ya kauce. Na juya baya.

Gizo-gizo ne ƙato, mai fuskar mutum, da dogon hanci lanƙwasasshe da kumatu masu maiƙo. A bayansa tauraro mai tsini shida, alamar Yahudawa. Ƙafafunsa sun naɗe duniya, ɗaya a kan banki, ɗaya a kan jarida. A ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe cewa mai karatu ya tambayi kansa su wa ke amfana. Ƙarƙashin wannan kuma, ga ɗan layina da nake ji da shi, sunana da adireshina, duk wanda ya ga kuskure ya sanar da ni.

Na zauna a kan kwalin. Abin da ya fara zo min shi ne gobe da safe wani yaro mai fara'a zai miƙa wa 'yar ajinmu wannan takardar a bakin ƙofa.

Na nuna wa ɗan gwaggona kafin mu tafi masallaci, na kuma gaya masa 'yar ajinmu Bayahudiya za ta zo taron. Ya duba, ya ɗage kafaɗa. "Ya ɗan yi zafi, amma ai zane ne. Gwamnatinsu yake nufi." Ni ban iya gardama da baki ba, sai da takarda a hannu. Saboda haka ana idar da sallah na hau bas zuwa tsakiyar gari, na kama jirgin ƙasa zuwa Edgbaston, inda jami'ar Birmingham take. Ina da katin da ke ba ɗaliban wata uni damar shiga laburaren can, wanda na nema tun shekarar farko ba tare da wani dalili ba sai son laburare.

Awa biyu na yi a sashen tarihin Turai. Gaskiya ban sami zanen sak ba, kuma ba zan ce na samu ba. Amma na sami 'yan'uwansa uku a littattafan da suka tattara farfagandar da aka riƙa bugawa a Turai kafin Yaƙin Duniya na Biyu. Hancin ɗaya, ƙafafun ɗaya, duniyar da aka naɗe ɗaya, har bankin. Na kwafe su, na rubuta shekarar kowanne da shafinsa a gefe da jan biro, na komo.

Na tarar da su a kicin, gwaggo na gyara wake don ƙosan gobe, ɗanta kuma yana cin abinci a tsaye. Na jera kwafin ukun a tebur, na ajiye takardarmu a tsakiya.

"Ba za a raba wannan ba," na ce. Muryata ta fito ƙarama, amma ta fito.

"Farfesa, kada ka fara."

"Duba shekarun. Duk ukun an zana su kafin a kafa ƙasar Isra'ila. Ba gwamnatinsu yake nufi ba, lokacin babu gwamnatin. Da irin waɗannan aka shirya zukatan mutane kafin a fara kwashe Yahudawa a jiragen ƙasa zuwa sansanonin kisa."

Ya ajiye cokali. "Yara na mutuwa yau, yanzu da muke maganar nan. Kai kana can kana auna hancin gizo-gizo. Ana ruguza asibiti a kan marasa lafiya, damuwarka kada ran wata ya ɓaci?"

"Ba ran wata ba ne kawai."

"To na wa? Mutumin nan ya zo da motarsa, ya buga da injinsa, bai nemi komai ba. Turawa nawa ka gani sun tsaya mana haka? Sai mu kore shi saboda shafi ɗaya?"

Rabin abin da ya faɗa gaskiya ne. Yaran na mutuwa. Na ce, "Shafi uku mun yi maganar Falasɗinawa. Shafi na huɗu babu Bafalasɗine ko ɗaya a ciki. Duba da kyau. Ya ari taronmu ne ya ɗora kayansa."

Gwaggo ta goge hannu a zani, ta ɗauki takardar, ta nisanta ta da ido saboda ba ta sa tabarau ba. Ta daɗe tana kallo.

"Na san irin zanen nan," ta ce. "Da na zo ƙasar nan akwai tsofaffin kwalaben da ake zana mu baƙar fata a jiki, baƙi ƙirin, leɓe kamar faifai. Hannu ɗaya ne ya yi su." Ta ajiye. "Ba za a raba wannan da ƙosaina ba."

Ɗanta ya fara "Amma Mama", ta ɗaga masa hannu, ta juyo kaina. "Kai kuma, ya aka yi ya saka? Haka kawai?"

Na gaya mata gaskiya, da motar, da awa biyun, da abin da na yi ta cewa. Ɗan gwaggona ya riƙe ciki yana dariya har ya zauna a ƙasa. "Kai ka ba shi izini! Farfesa da kansa! Mai cire saƙona goma sha bakwai!"

Gwaggo ba ta yi dariya ba. "Ladabin gida ka kawo wa wanda bai san shi ba. To, kai ka ce masa to, kai za ka je ka ce masa a'a. Ba aike. Kuma mutum ya ci abincina, kada in ji an wulaƙanta shi."

"Mu kuma gobe me za mu raba, iska?" in ji ɗanta. Babu inda za mu sake bugawa kafin safe, kuma zanen yana bayan shafi na uku ne, ba a iya yanke shi. Sai ya nuna ni da cokali. "Shi ke nan. Tunda ka hana takarda, kai ne takardar. Za ka hau ka karanta wa mutane, Turanci da Hausa, daga farko har ƙarshe."

Ya ɗauka zan ja da baya. Ni ma haka na ɗauka. Na ce to, kuma wannan karon na san abin da nake cewa.

Da safe na tsaya a bakin zauren tun kafin a buɗe. Kwalayen na kulle a bayan motar ɗan gwaggona. Na rubuta abin da zan gaya wa dattijon a ƙaramin kati, ɗaya, biyu, uku, kamar mai shiga jarrabawar baka. Ya iso da gyalen Falasɗinu a wuya, yana fara'a, ya yi min sallama. Na amsa, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ciro katin. Ku yi min dariya, amma karantawa na yi. Na ɗaya, mun gode da wahalarsa. Na biyu, ba za mu raba takardun ba saboda zanen da ke baya ƙiyayyar Yahudawa ce, ba goyon bayan Falasɗinawa ba. Na uku, abubuwan da ya faɗa a mota ban yarda da su ba.

Fuskarsa ta yi ja har kunne. "Ka ce yes! Na tambaye ka, ka ce yes. Tun daga nan har Manchester kana cewa yes!"

"Na ce," na amsa. "A wurinmu haka ake sauraron babba. Amma ba zan fake da wannan ba. Ya kamata in gaya maka tun a hanya, na yi shiru. Laifina ne."

"Kai ma sun saye ka," ya ce. "Da karatunsu suke sayen irinku." Sai ya hango ɗan gwaggona na saukar da kujeru, ya ɗaga murya. "Kai gaya masa! Ku Musulmi ai kun fi ni sanin su. Kun fi ni ƙin su. Shi ya sa na zo wurinku."

Har zuwa lokacin ɗan gwaggona bai gama yarda da ni ba, umarnin uwarsa kawai yake bi. Amma na ga ya ajiye kujerar a hankali. Ya tako, ya tsaya kusa da ni, ya yi magana da Turancin Birmingham ɗin nan nasa mai ja.

"Wa ya gaya maka abin da nake ƙi? Bama-bamai nake ƙi. Shi ya sa na yi hayar zaure. Idan barguna ka kawo, ga ƙofa. Idan wancan ka kawo, ba nan ba ne."

Dattijon ya ce a ba shi kwalayensa. Na ce ba zan iya ba, sunana na jikin kowace takarda. Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba, ya ce mu riƙe mu jiƙa mu sha, ya shiga mota ya tafi. Na nemi kujera na zauna. Ɗan gwaggona ya dafa kafaɗata ya ce, "Kati, Farfesa? Da kati ake faɗa?"

Zauren ya cika fiye da yadda suka zata. 'Yan Najeriya Musulmi da Kirista, 'yan Pakistan, Larabawa, Turawa kaɗan. Bayan addu'a aka kira ni. Na hau, na riƙe ainihin rubutuna da hannu biyu. Na fara karanta Turancin da idona a ƙasa. Wata tsohuwa daga layin gaba ta ce da Hausa, "Ɗan nan, ɗaga murya, ba da takardar kake magana ba." Aka yi dariya, ni ma na yi, kuma daga nan na ɗaga muryar. Da na shiga Hausar zauren ya yi tsit, har waɗanda ba sa ji. Na kai ƙarshen shafi na uku, na tsaya. Aka tafa. Mutane suka riƙa ɗaukar hoton takardar hannuna don su sami bayanin rubuta wa ɗan majalisa.

'Yar ajinmu tana can baya, gwaggo ta riga ta cika mata hannu da ƙosai. Ta yi tattakin da mu har tsakiyar gari. A tasha ta ce, "Ina kwafina?" Na ce sai mun shiga jirgi.

Na yi tunanin in ce injin ne ya lalace. Da ta yarda. Amma muna barin Birmingham na ciro guda ɗaya daga jakata na miƙa mata, na ba ta labarin duka, ban rage motar ba. Ta juya bayan takardar ta kalla.

"Awa biyu ka yi a laburare?" ta tambaya.

"Eh."

"Da kakata ka nuna wa, da daga ƙofar ɗaki za ta gaya maka. Tana yarinya ta gan su a bangon makarantarsu." Ta ninke takardar, zanen a ciki. "Kuma awa biyu kana ce masa yes?"

"Eh."

"Kai da ko milimita ɗaya ba ka taɓa bar min ba a ɗakin gwaji." Ta ɗan yi murmushi, sannan ya gushe. "Ba zan ce maka ba komai ba, domin da komai. Irinsa sun san su wa ne, ba su nake tsoro ba. Masu zama a gefe suna gyaɗa kai nake tsoro." Ta kalli taga. "Amma ba ka raba ba. Kuma ka gaya min."

Sauran tafiyar muka yi ta a kan rahoton gwajin da za mu miƙa ranar Talata. Kwalayen kuwa, da ɗan gwaggona ya kawo min su Manchester, mako uku na yi ina kai su kaɗan-kaɗan injin yayyaga takarda na sashenmu.

Yau idan na tuna, ba takardun ne ke tsaya min a rai ba, motar ce. Matsayina a kan Falasɗinu bai motsa ba ko kaɗan. Na je tattaki da yawa bayan wannan, kuma zan sake zuwa. Abin da ya ƙaru shi ne na gane cewa a ƙasashen nan akwai ƙiyayyar da ta girmi rikicin da ɗaruruwan shekaru, wadda masu ita suka daina samun inda za su faɗe ta a fili. Idan suka ga taronmu sai su ga ƙofa a buɗe. Yawancin Turawan da muke tattaki tare ba haka suke ba, tausayi ne ya fito da su. Amma masu wancan kayan suna nan, kuma gane su ba wuya: ka bar su su yi magana na minti goma, za ka ji Falasɗinawan sun ɓace daga zancen. Mu ma a cikinmu akwai masu turo irin zanen nan a rukunonin waya ba su san daga inda ya fito ba. Yanzu ina amsa musu, da shekara da shafi. An cire ni daga rukuni biyu, ban yi rashin barci ba.

Shekara ɗaya da rabi na ƙara a benen nan na Hulme tare da dattijon. Hanya ɗaya muke bi zuwa wajen shara, ƙofa ɗaya muke fita. Duk safiyar da muka haɗu sai na gaishe shi, domin babba ne, kuma ya taɓa yi min alheri. Bai amsa ba ko sau ɗaya. Ranar da zan tashi, ina fitar da akwatunan littattafaina, ya riƙe min ƙofa ba tare da ya kalle ni ba. Na ce na gode. Ya ce, yana kallon bango, "Har yanzu kana ganin ƙarya na faɗa?"

Na ajiye akwatin, na dubi idonsa, na ce eh.